Maraƙin da Bai Gaji Uwarsa Ba

Shekarun baya, lokacin ina karatun digiri na biyu a fannin kimiyyar dabbobi a nan Bauchi, wani jan maraƙi ya kusa ja mini asarar shekara guda. Wasunku sun sha tambayata yadda aka yi 'yar unguwar Gwallaga, wadda ko akuya ba ta taɓa ɗaurewa ba, ta ƙare a tsakiyar shanu. To ga yadda abin ya kasance.

Mahaifina yana da rumfa a kasuwar Muda Lawal, yana sayar wa masu kiwo dusa da harawa da kowar wake. Tun ina ƙarama burinsa in zama likita, likitar mutane mai farar riga. Da makina bai kai ba aka tura ni fannin dabbobi, bai yi faɗa ba, don shi ba mai faɗa ba ne. Daina tambayata karatu kawai ya yi. Zai tambaye ni ko na ci abinci, ko na yi salla, ko ina da na keke, amma ban da yaya makaranta. Haka na gama digirin farko na shiga na biyu. Wallahi da faɗan ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Mahaifiyata ce mai tambaya. Ranar da ta ce in faɗa mata abin da nake bincike a kai, na ce, "Mama, gyatsar shanu nake aunawa." Ta ajiye ludayi ta yi dariya har da hawaye, ta ce duk boko ya ƙare an rasa abin karantawa sai gyatsa.

Amma gaskiya na faɗa mata. Saniya ba ita kaɗai take narkar da ciyawar da ta ci ba. Tumbinta cike yake da ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne suke farfasa mata ciyawar. A cikin aikin nasu wasu suna samar da wata iska da ake kira miten, wadda yawancinta ta baki take fita idan saniyar ta yi gyatsa, ba ta baya ba kamar yadda mutane suke zato. Iskar nan tana cikin masu riƙe zafi a sama suna ƙara ɗumamar yanayi. Kuma asara ce ga mai kiwo, don wani ɓangare ne na abincin da ya saya yake tashi a banza, bai zama nama ba bai zama nono ba. Shi kuwa maraƙi ana haifarsa ne babu waɗannan halittu a tumbinsa. Daga baya yake tsintarsu, daga lasar uwarsa da yawunta da kwanon da suke ci tare. Tambayata ita ce: idan uwa mai yawan fitar da iskar ce, ɗanta ma haka zai zama?

Malamin da ke duba aikina ya samo mini izini a wani garke da ke bayan Gwallameji, can inda sabbin gidaje suka fara cin daji. Mai garken ma'aikacin ofis ne, sai ƙarshen mako yake leƙowa. Mai kiwon wani dattijon Bafulatani ne siriri, marar yawan magana, kowa Baffa yake kiransa. Na zaɓi shanu shida da maruƙansu shida.

Da sassafe nake zuwa, kafin a ba su abinci. Baffa ya riƙe kan saniya, ni in zura mata tiyo ta baki har tumbi, in zuƙo ruwan ciki in juye a filas mai ɗumi. Daga nan sai gudu, don idan ruwan ya huce halittun sun mutu. Warin ruwan tumbi kuwa sai wanda ya shaƙa. Akwai mai keken da ya sauke ni a bakin makaranta ya ce, "Hajiya, don Allah gobe ki nemi wani." Turare uku na canja a shekarar, babu wanda ya yi nasara.

A ɗakin gwaji sai in zuba ruwan a manyan sirinji na gilashi tare da ɗan garin dusa da harawa, in jera su a ruwan ɗumi su kwana. Washegari iskar da ta taru ta turo murfin sirinjin baya, in karanta inda ta tsaya. Sai in ɗura wani ruwan soda mai ƙarfi da yake shanye sauran iskar, abin da ya rage shi ne miten. Aiki ne mai cin rai, amma ina son sa.

Biyar daga cikin shida sun yi mini yadda nake fata. Uwa mai yawa, ɗanta mai yawa. Uwa mai kaɗan, ɗanta ma yana kusa da ita. Sai na shida. Uwarsa karsana ce mai haihuwar fari, kuma ita ce kan gaba wajen yawan iska a garken. Shi kuwa ɗanta, wani ɗan jan maraƙi mai ƙaramin jiki, can ƙasa yake, kamar ba ita ta haife shi ba. Na sake ɗibar ruwansu. Haka. Na sake a karo na uku, na rubuta lamba a jikin kwalabe da hannuna, na riƙe su a cinyata har makaranta. Haka dai.

Malamina mutum ne mai kirki amma ba ya wasa da aiki. Ya duba littafina ya cire tabarau ya ce, "Kin haɗa kwalabe."

Na ce, "Ranka ya daɗe, sau uku na maimaita."

Ya ce, "To sau uku kika haɗa. Idan wannan kuskure ne, ta yaya zan yarda da sauran biyar ɗin? Ko ki kawo mini dalili, ko ki sake aikin gaba ɗaya."

Sake aiki yana nufin jiran wani rani, domin damina ta kusa, kuma da shanu sun fara cin ɗanyar ciyawa komai na tumbinsu zai canja. Shekara guda ke nan. Kuma abin da ya fi damuna ba shekarar ba ce, kallon da ya yi mini ne, kallon wadda ba a iya ba wa amanar kwalba.

Ƙawata da muke aji ɗaya, 'yar kudancin jihar nan ce, ta same ni a bayan ɗakin gwaji ina share hawaye. Ta ce, "Ke ma da neman wahala kike. Ki cire na shidan mana, ki ce biyar kika yi. Ko ki ɗan ɗaga lambar ta matso kusa da ta uwarsa. Wa zai je ya tambayi maraƙi?" Ba da mugunta ta faɗa ba, tausayina take ji. Kuma ba zan ɓoye muku ba, na yi kwana biyu ina juya maganar. Har fensir na ɗauka na ɗora a kan lambar. Abin da ya hana ni ba wani ƙarfin hali ba ne. Na san da idona na ga murfin sirinjin nan ya tsaya a inda ya tsaya, kuma na kasa yi wa idona ƙarya.

Ranar Alhamis na biya ta rumfar mahaifina ɗaukar dusar da nake gwaji da ita, don a wurinsa nake ɗiba. Na zauna a kan buhu na zuba tagumi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa Uwata yake kirana. Ya gama auna wa wata mata harawa, ya juyo ya dube ni.

"Uwata, lafiya? Fuskarki ba daidai take ba."

Na ce babu komai, harkar makaranta ce. Na zaci zai bar maganar a nan kamar kullum. Sai ya jawo benci ya zauna ya ce, "Ina ji."

Na faɗa masa komai, ina sauƙaƙawa ina kame-kame, don a raina ina ganin ba zai gane ba. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Wato abin da ke cikin tumbin ɗan bai yi kama da na uwarsa ba."

"Haka ne, Baba."

"Maraƙin ya taɓa yin ciwo?"

"A'a. Na tambaya tun farko, an ce duk lafiyarsu ƙalau."

"Wa ya ce? Mai garken ko mai kiwon?"

Sai a nan na tuna. Mai garken na tambaya, a waya, yana ofis.

Mahaifina ya miƙe ya kaɗe rigarsa, ya leƙa rumfar maƙwabcinsa ya ce ya duba masa kaya. Ban taɓa ganin ya bar rumfa da rana tsaka ba sai don jana'iza. Ya ce, "Tashi mu je ki nuna mini shi."

A cikin keke ya riƙa ba ni labarin ƙuruciyarsa a ƙauye, yadda ya bi shanun kakansa har ya zama saurayi kafin ya shigo birni. Na san da labarin sama-sama, amma ban taɓa ɗaukarsa a matsayin ilimi ba. A wurina wahala ce kawai da ya sha kafin a haife mu.

Mun tarar da Baffa yana gyara igiya a gindin bishiya. Ni da na ƙagu a yi tambaya a gama, sai na ga mahaifina ya cire takalmi ya zauna a tabarma. Suka gaisa da Hausa, suka koma gaisawa da Fulatanci, abin da ban ma san ya iya ba. Suka yi maganar zafin bana, da ƙarancin ruwa, da yadda gidaje suka cinye burtali. Ina tsaye da littafina ina duba agogo. Sai da aka ɗauki lokaci sannan mahaifina ya tashi ya zaga cikin shanun yana shafa su, har ya tsaya a kan ɗan jan. Ya shafa gashinsa, ya taɓa haƙarƙarinsa, ya ce kamar da wasa, "Wannan kam ya sha wuya yana ƙarami."

Baffa ya dube shi, ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Hausarsa irin ta wanda ba ya raba mace da namiji ce. Ya ce, "Ya sha, Alhaji. Zawo ya kama shi, saura kaɗan. Likita ya zo ya ba shi magani kwana da yawa. Zawo ya tsaya, amma ya ƙi ci, ya ƙi tuƙa. Yana tsaye kawai kamar itace."

Mahaifina ya ce, "Sai ka ba shi tuƙa."

Baffa ya yi ɗan murmushin wanda aka kama. Ya nuna wata farar tsohuwar saniya da ke kwance a inuwa. "Na wancan. Tsoho ne, amma cikinshi lafiya, bai taɓa kumburi ba."

Ni ban gane ba, sai da mahaifina ya yi mini bayani. Idan dabba ta yi ciwo ta daina tuƙa, makiyaya sukan jira lafiyayyar saniya ta dawo da abincinta baki tana taunawa, su sa hannu su cafko curin da ɗuminsa, su tura wa marar lafiyar. Baffa ya yi wa maraƙin haka kusan mako guda. Kuma da ya ga karsanar ba ta damu da lasar ɗanta ba, sai ya mayar da turkensa kusa da tsohuwar. Wurin uwarsa nono kawai yake zuwa sha. Lasa da kwanon ci da kwanciya duk a wurin tsohuwar ne, har zuwa ranar. Duk wannan ya soma ne tun kafin in fara zuwa garken. Ni kuma da safe nake zuwa, lokacin da ake kawo kowane ɗa wurin uwarsa, shi ya sa ban taɓa ganin inda yake kwana ba.

Na buɗe littafina a nan tsaye. Farar tsohuwar tana cikin shanuna, ita ce lamba biyu, kuma ita ce mafi ƙarancin iska a garken duka. Na sa yatsa ɗaya a kan lambarta, ɗaya a kan ta ɗan jan. Kusan a layi ɗaya suke. Wata biyu ina kallon shafin nan, ban taɓa haɗa su ba, don idona yana kan uwa da ɗa kawai.

Na ce, "Baffa, don me ba ka faɗa mini ba?"

Ya ce wani ma'aikacin dabbobi ya taɓa ce masa wannan ƙazanta ce ta mutanen daji, shi ya sa yake tsoron in rubuta a takarda mai garken ya gani ya kore shi. Sannan ya ƙara da cewa, "Kuma ai ba ki tambaye ni ba, Malama. Kin ce in riƙe kai, na riƙe kai."

Babu zafi a muryarsa, amma maganar ta shige ni. Watanni ina zuwa wurin mutumin nan, ina gaishe shi da ladabi, har goro nake kawo masa, amma ban taɓa yi masa tambaya ɗaya a kan shanun da yake kwana da su yake tashi da su ba. Mai riƙe kai na ɗauke shi. Na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce babu komai, yaro ai da tuntuɓe yake girma.

Washegari na sake ɗibar ruwan ukun, tsohuwa da karsana da maraƙi, na ɗiga a gilashi na duba a madubin da ke ƙara girman abu. A ruwan tumbi akwai wasu halittu da suka fi saura girma, masu gashi-gashi a jiki, suna iyo kamar kifi. Su ba sa bin iska ko ƙura, sai ta yawu suke wucewa daga dabba zuwa dabba, kuma masu samar da miten sukan maƙale a jikinsu. Akwai wani iri mai siffa ta daban da na gani a ruwan tsohuwar, na gan shi a na maraƙin, na nema na rasa a na uwarsa. Na duba har idona ya yi ja kafin in je in kira malamina.

Ya zauna ya duba gilashin ukun ɗaya bayan ɗaya, ya sake dubawa. Sannan ya ɗago ya ce, "Wa ya ce miki ki bi ta wannan hanya?"

Na ce, "Mahaifina."

"A wace jami'a yake?"

Na ce, "A Muda Lawal yake, ranka ya daɗe, layin masu dusa."

Ya yi dariya sosai, sannan ya ce, "Na zarge ki da abin da ba ki yi ba. Ki yafe mini." Mako na zagayowa da kansa ya tuƙa motarsa muka je garken, ya zauna a tabarma da biro yana yi wa Baffa tambayoyi. Shi ne kuma ya kira mai garken ya faɗa masa cewa da ba don dattijon nan ba da tuni maraƙinsa ya mutu.

Ranar kare kundina, baƙon malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya tsaya a kan babin ɗan jan. Ya ce, "Maraƙi ɗaya ba hujja ba ne." Na ce haka yake, kuma haka na rubuta. Ban ce na gano maganin miten ba, ban ce kowa ya je ya riƙa cusa wa maruƙa tuƙa ba, don cuta ma tana iya bin wannan hanyar. Abin da na ce shi ne, ga alama wanda ya raini maraƙi yana da hannu a abin da ke tumbinsa, ba wadda ta haife shi kaɗai ba, kuma ya kamata a bincika da dabbobi masu yawa. Ya gyaɗa kai ya ce a duk kundin wannan babin ne ya hana shi gyangyaɗi. Na ci jarabawar. Ƙawata ce ta fara rungume ni a bakin ƙofa, tana cewa gara da ban ji shawararta ba.

A shafin godiya na sa sunan Baffa da na mahaifina. Da aka ɗinke kundin na kai masa rumfa. Shi ba ya karanta Turanci, sai ya ce in nuna masa da yatsa inda sunansa yake. Na nuna masa. Ya goge hannunsa a riga kafin ya taɓa wurin. Ya ce in nuna masa na Baffa, na nuna. Sai ya ce, "To ita tsohuwar saniyar fa? Ai ita ta yi aikin." Muka yi dariya, amma na ga ya juya baya yana gyara buhunan da ba su buƙatar gyara.

Yanzu ni ma ina koyarwa, ina kuma ci gaba da bin wannan tambayar da maruƙa masu yawa. Amsar ba ta da sauƙi kamar yadda na zata a lokacin, wani sa'in ta fito fili, wani sa'in ta ɓace. Amma duk ɗalibin da ya kawo mini lambar da ta ƙi bin 'yan'uwanta, nakan ce masa ya riƙe ta da kyau, wataƙila ita kaɗai ce take da abin faɗa. Kuma duk wanda zan tura garke, ranar farko ba ya zuwa da tiyo ko kwalba. Zama zai yi da mai kiwon, ya yi tambaya, ya saurara.

Ina alfahari da kundin nan, ba zan ɓoye ba. Ina alfahari da yarinyar da ta ajiye fensir duk da tana kuka. Amma abin da ya fi cika mini zuciya shi ne ranar da na ga mahaifina a tsakiyar shanu, hannunsa a haƙarƙarin maraƙi, ya karanta a ɗan lokaci abin da na kasa karantawa a wata biyu. Baffa ya rasu shekaru kaɗan bayan haka, Allah ya ji ƙansa ya sa ya huta. Har gobe idan aka tambaye ni su wa suka koya mini aikin nan, mutum uku nake ambata. Ɗaya ne kawai a cikinsu ya taɓa zama a aji.